Ranar da Na Fitar da Baba Babba

Shekaranjiya na tsaya wurin mai gyaran takalmi a unguwar Bolori, na tarar yana shafa wa wata tsohuwar jaka man shanu. Ƙamshin fata da mai ya doki hancina, har sai da mutumin ya maimaita maganarsa kafin na ji shi. Ni tuni na koma tsakar gidanmu, ƙarƙashin darbejiya, ina kallon wan mahaifina yana murza mai a jikin wata ƙatuwar safar hannu ta fata.

Baba Babba muke ce masa. Makanikin injin rijiyar burtsatse ne, an taɓa tura shi kwas Japan tun ba a haife ni ba. Wasu in sun je waje agogo suke kawowa, shi kuwa ya dawo da safar hannu ta hagu kaɗai, da ƙwallo mai tauri kamar goruba, da ciwon son wani wasa da ake kira besbol. Kaka, wato mahaifiyarsu, har ta rasu tana cewa an cuce shi, an sayar masa da safa babu 'yar'uwarta.

Ka san bazarar Maiduguri, lokacin da ruwan randa ke ɗumi kuma kwalta ke kama takalmi. To, daidai wannan lokacin ake buɗe kakar wasan a can. Da hantsi zai zauna da rediyonsa, ya zaro eriya, ya kara a kunne, muryar mai labarai tana zuwa tana ɓacewa cikin ƙara. In ya gama sai ya ɗauki labarin da zafinsa ya kai majalisar ƙofar gida.

"Bana tamu ce," in ji shi. "Mun samu sabon mai jifa, bahago ne. Tsohon kafaɗarsa ta gaji."

Bulaman unguwarmu, dattijo Babarbare mai kirki, ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya ba shi lafiya. Ɗan wane gida ne?"

Maƙwabcinmu Ibo mai shagon kayan mota, wanda ƙwallon ƙafa ce addininsa na biyu, ya tambaya, "Oga, ina ake zura ƙwallon?"

"Ba a zurawa. Bugawa kake yi, ka zagaya, ka dawo inda ka tashi."

"To me ya sa ka tashi?"

Aka kwashe da dariya. Kowace shekara haka ake yi, kuma kowace shekara ƙungiyarsa sai ta ba shi kunya, amma bazara na dawowa zai sake cewa bana tasu ce.

Ni kaɗai nake yarda ya jefo mini in cafe, don haka ni nake shan bayani. Wallahi ban gane ba. Masu riƙe da ƙwallo su ne masu tsaro. Babu agogo, babu raga. Akwai wani abu da ake kira sata, kuma tafi ake yi wa mai yin ta. Mutum zai kai bugu ya kuskure sau da yawa fiye da yadda yake dacewa, a ce wai gwani ne. Ina gyaɗa kai ne kawai, saboda ba a ce wa Baba Babba ba a gane ba. Mahaifina ma, da gemunsa da 'ya'yansa, tsugunawa yake yi in zai gaishe shi.

Wata shekara likita ya ce ciwon suga ya fara cin idonsa. Ranar da rediyo ta ce an buɗe kaka bai je majalisa ba. Ya kira mahaifina ya ce, "Shekara da shekaru da kunne nake kallon wasan nan. Kafin idon ya tafi ina so in ga an buga shi sau ɗaya, ni ma in buga." Mahaifina ya ce to, duk da bai san me ya amsa ba.

Kafinta ya sassaƙa sanda daga reshen darbejiya. Aka cika tsofaffin buhuna huɗu da yashi, aka ajiye su a kusurwa huɗu na filin bayan makaranta, wai su ne tashoshin da mai gudu zai taka. Bayan la'asar aka tara yaran unguwa, tara nan tara can. Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Wani ya buga ya ruga da sandar a hannu. Wani ya tare ƙwallon da ƙirji, ya zauna yana kiran uwarsa. Baba Babba yana ta ihu da Hausa da Barbarci, yana murtsuke ido, amma fuskarsa fal murna. Doka ɗaya ce ta shiga kanmu: in mai gudu bai kai kan buhu ba ka taɓa shi da ƙwallo, ya fita.

Sai layi ya zo kansa. Ya naɗe rigarsa, ya gyara tsayuwa. Yaron da ke jifa ya matso ya lallaɓo masa ƙwallon kamar mai miƙa goro. Ya buga, ba ta yi nisa ba, ya fara gudu irin na tsofaffi. Na buhun farko yana riƙe da ƙwallon, ya kauce masa. Na biyu ya cire hula. Na uku kuwa tsugunawa ya yi ya ce, "Sannu, Baba." Ya zagayo lafiya lau, manya da ke gefe suka ɗauki tafi.

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. "Wannan ba wasa ba ne, rakiya ce!" "Ku fitar da ni! Don Allah wani ya fitar da ni!"

Muka kalli juna. Tun da muka tashi ake koya mana kada mu sha gaban babba, kada mu miƙa masa hannu sai ya miƙo. Yau ga babba yana roƙo a bi shi a guje a dangwara masa ƙwallo, iyayenmu na tsaye suna kallo.

Ya sake bugawa. Aka sake buɗe masa hanya har buhu na uku. Ni ke tsaron buhun ƙarshe, safar tana hannuna, mahaifina yana tsaye daf da bayana. Wani yaro, don ya raba kansa da masifa, ya wullo mini ƙwallon, na cafe. Mahaifina ya yi gyaran murya, irin wadda na san ma'anarta. Ga Baba Babba ya taho yana haki, yana kallona da idanun nan da suka fara fari. Na rasa wanda zan bi a cikinsu. Sai kawai na ga tsoho ya zube a ƙasa, ya sulalo da ƙafa gaba cikin yashi, da gaske yake son ya tsere mini. Na runtse ido na danna masa safar a gwiwa.

Yana kwance a rigingine, yashi har gemu, ya ɗaga babban yatsa sama ya yi wa kansa hukunci da ƙarfi: "Ya fita!" Sai ya fashe da dariya, har da hawaye. Ya jawo ni ya rungume.

A gida mahaifina ya kama kunnena ya murɗe. "Kada ka ƙara," in ji shi. Da aka kawo tuwo kuma ya tsamo nama daga kwanonsa ya ajiye a nawa. Na ci naman, kunnena yana zugi, kuma har yau ban san ko laifi na yi ranar ba.

Ba a sake buga wasan ba. Idon ya tafi kafin wata bazarar. Duk baƙon da ya zo gaishe shi sai ya laluba kaina ya ce, "Wannan ne ya fitar da ni," baƙo ya bi ni da kallon ɗan banza.

Yanzu filin ya zama shaguna. Labarin buɗe kaka yana shigowa wayata da hotuna masu motsi, ina dubawa duk shekara, ina bin ƙungiyarsa, kuma rabin abin da suke yi har yanzu ban gane shi ba. Ana cewa yaran zamani ba su da kunya, ni ma ina cikin masu faɗa. Amma makon jiya a unguwar Galtimari na shiga ƙwallon ƙafa da 'ya'yana da abokansu, da furfurata da tumbina. Duk inda na nufa sai hanya ta buɗe. Na buga wata lagwaniyar ƙwallo, mai tsaron gida ya faɗi ɗaya gefen, suka hau ihu wai Baba ya ci. Raina ya yi baƙi ƙirin. Da aka sake ba ni ƙwallon na taka ta na tsaya, ina jiran ko yaro ɗaya zai zo ya ƙwace. Babu wanda ya zo.