Idon da Kilmora Ta Cinye

Fintan Culleton ƙanena ne. Ni na raine shi, ni na riƙe masa hannu a ƙarshe, don haka kada wani ɗan Kilmora ya zo yana koya mini labarinsa. Na gaji da jin sa a bakin 'yan mashaya, suna daɗa masa gishiri kamar su ba su san abin da suka yi ba.

A ƙauyenmu yaro yakan riƙe gorar hurling, wasan nan namu na dukan ƙwallo da gora, tun bai iya ɗaura igiyar takalmi ba. Fintan kuwa da ita yake kora shanu, da ita yake kwana. Ƙwallon ba ta fi dunƙulen hannu ba, tauri kamar dutse, kuma abin alfaharin ɗan wasa shi ne ya ɗaga hannu tsirara cikin gorori masu kaɗawa ya cafke ta a sama. A nan Fintan ya yi suna. Tun bai gama tsayi ba aka ɗauke shi ƙungiyar gunduma, aka ajiye shi a tsakiyar 'yan baya, ya kuma zauna a wurin har furfura ta fara leƙo masa. Ba a biyan kowa a wasan nan. Da safe ya tatsi shanu, da rana a fasa masa goshi, likita ya ɗinke, da yamma ya dawo ya sake tatsa. Yatsunsa babu guda ɗaya miƙaƙƙe. Haƙoransa na gaba ya bar su a filaye daban-daban, aka yi masa na roba. Kafin kowane wasa sai ya cire su ya naɗe a hankici ya miƙo mini.

"Yaya Breda, riƙe mini murmushina," haka yake cewa.

"Kawo nan, mummuna," in ce, in jefa a jaka.

Duk shekarun nan gundumarmu ba ta ɗauko kofin ƙasa ba. Sai wata shekara Kilmora ta ci kofin cikin gunduma, abin da ko kakanninmu ba su gani ba. Al'adarmu kuwa ita ce, ƙauyen da ya ci shi yake zaɓen kyaftin ɗin gunduma na shekara mai zuwa. Ɗan Kilmora ɗaya ne a ƙungiyar, Fintan. Idan aka yi nasara, shi zai hau matakala a filin Dublin, babban birnin ƙasa, ya ɗaga kofin, sunan Kilmora ya shiga kunnen ƙasa duka. Idan kuwa ba ya cikin fili, wani daga ƙauyen Ballyhane, abokan hamayyarmu, zai ɗaga, kuma mutanenmu sun fi son a sha kashi da su ga haka.

A farkon shekarar, wurin atisaye, gora ta same shi a idon hagu. Kumburin ya sauka, kowa ya manta. Ni ce na ga yana zuba shayi a gefen kofi, tebur yana jiƙewa, shi bai sani ba. Na tasa shi gaba sai wurin likitan ido a birni. Likitan bai yi kwana-kwana ba. Ya ce na hagun ya tafi, ba zai dawo ba. Ya ce mai ido ɗaya ba ya iya auna nisan abin da ke zuwa daga sama, kuma idan na daman ya samu irin wannan duka, shi ke nan, duhu. Ya ce ya ajiye gora, in kuma ya ƙi, to ya sa hular kwano mai ƙarfe a fuska.

A mota na ce, "Ka ji dai."

"Na ji."

"To, hular za ka sa?"

"Haba Yaya. Ni da ban taɓa sa ta ba, in fito da ita yanzu da tsufana? Ai na yi shela ke nan. Masu zaɓen 'yan wasa za su tambaya, su cire ni."

"Su cire ka mana! Kofin ne zai tatsa maka shanu?"

"Shekara ɗaya ce kawai. A bar ni in gama."

A zamanin 'yan wasa kaɗan ne ke sa hular, su ma tsiya ake musu, a ce sun zo da kwanon mamarsu. Na san ba zan iya da shi ba, sai na tafi wurin Mossie Tynan, shugaban kulob ɗin ƙauye, abokin marigayi babanmu. Na same shi yana fenti a ƙofar fili. Na gaya masa komai, har maganar duhun.

Ya goge hannu, bai dube ni ba. "Wa kika gaya wa ban da ni?"

"Babu kowa, Baba Mossie."

"To ki bar shi haka, 'yata. Likitoci ai tsoratar da mutane ne sana'arsu. Fintan ko idonsa a rufe ya fi 'yan Ballyhane gani."

"In ya makance fa?"

"Ke dai bakinki ya faɗi alheri."

Na ce zan je wurin masu zaɓen da kaina. Da Fintan ya ji, ya tsaya a bakin kicin ya ce in na yi haka ba shi ba ni har abada. Duk da haka na je. Mossie ya riga ni. Suka ba ni shayi, suka ce sun ji ina fama da damuwa tun rasuwar Mama, in je in huta. Suka tambayi Fintan, ya yi dariya ya ce ƙalau yake, magana ta mutu.

Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne Kilmora duka ta sani. Babu wanda ya furta, amma ina kallonsu. Mai shago ya koma miƙa masa burodi ta dama. A ƙofar coci, duk mai son gaishe shi sai ya zagayo ta dama. Har Fada, limamin cocinmu, in zai yi masa magana, ta dama yake tsayawa. Ƙauye guda ya koma gefe ɗaya na mutum, kuma aka rasa mai cewa, "Fintan, ya isa." Tir da mu.

Ya yi wasannin shekarar da wayo irin na tsohon hannu. Ya daina kama ƙwallo a sama, sai dai ya doke ta da gora ta yi gaba. 'Yan jarida suka ce ya ƙara basira. Gunduma ta yi ta ci har ta kai wasan ƙarshe. A mararrabar ƙauye aka tara itace da tsofaffin tayoyi don wutar murna, tarin ya fi rufin shago tsayi.

Ranar wasan ya miƙo mini hankicin a ƙofar filin Dublin. Bai yi maganar murmushi ba, ni ma ban zage shi ba.

Ana dab da tashi muna gaba da ɗan kaɗan, sai aka ɗago wata ƙwallo mai tsawo, tana saukowa daidai kansa. Doke ta zai yi, na ga ya gyara gora. Sai 'yan Kilmora da ke kewaye da ni suka miƙe, Mossie a gaba, suna ihu, "Kama ta, Fintan! Kama ta!" Ban san ko ya ji su ba cikin wannan hayaniyar. Na dai ga ya saki gorar da hannu ɗaya ya ɗaga hannun sama. Hannun ya rufe a kan iska. Yaron ɗaya ƙungiyar da ke gefensa ya kai wa ƙwallon duka, kamar yadda kowane ɗan wasa zai yi, ba laifinsa ba ne. Gorar ta wuce inda hannun ya kamata ya tare, ta sauka a fuskar Fintan ta dama.

Ya faɗi bai ko kare kansa ba. Aka fitar da shi, aka ci gaba da wasa, muka ci. Ɗan Ballyhane ya hau matakala ya ɗaga kofi. Ni ina cikin motar asibiti, jakata a cinya, haƙoransa a ciki.

Washegari suka kawo kofin asibiti. Suka ɗora masa a ƙirji, kansa a naɗe, suka ce in sa masa haƙoran don hoton ya yi kyau. Hoton yana nan a bangon mashaya har yau, shi kuwa bai taɓa ganinsa ba. An kunna wutar mararraba ma, aka ce mini ta yi kyau sosai.

Mossie ne ya fara faɗin maganar, a bakin gadon. "Ka kama ta, yaro! Tana hannunka aka doke ka. Kai ka cece mu." Daga nan ta zama labarin Kilmora. Fada ya faɗe ta a coci. Malamai suka koya wa yara. Da shekaru suka ja, har aka samu masu rantsuwa cewa da ƙyar aka ɓanɓare ƙwallon daga yatsunsa a asibiti. Shi dai in an faɗa sai ya gyaɗa kai.

Shanu muka sayar, gona muka ba maƙwabci. Na dawo gidan na zauna da shi. Duk Lahadi in ja shi zuwa fili, ya jingina da shinge yana sauraron ƙarar gora. Daga ƙarar kawai yakan ce, "Wannan ya doka da kyau," ko "Wancan ya je ya yi kiwon tumaki." Mutane su zo su dafa shi, "Kyaftin! Ya jiki?" Yanzu kuma ta kowane gefe suke zuwa. Bai taɓa zargin kowa ba, ni ce mai zargin, kuma ban daina ba. Da Mossie ya mutu ban je jana'izarsa ba, aka yi ta gulmata, ko a jikina.

A shekararsa ta ƙarshe ƙirji ya kwantar da shi. Wata safiya ina ba shi dankali da madara a cokali, sai ya kau da kai.

"Yaya Breda."

"Mene ne kuma?"

"Ke ba kya ƙarya, ko don a ji daɗi. Ranar nan, na kama ta?"

Na ajiye cokalin. Shekaru nawa muna gida ɗaya bai taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa tayar da zancen ba. Na so in ce e, Allah ya sani na so.

"Ba ka kama ba, Fintan. Ko kusa da ita hannunka bai je ba."

Ya murza karkatattun yatsun nan a kan bargo.

"Na sani," ya ce. "Ai hannuna ne. So nake kawai in ji mutum ɗaya a Kilmora ya faɗi abin da ya gani, tunda su an bar musu idanunsu."

Bai kai ƙarshen watan ba. Suka lulluɓe akwatin da rigar gunduma, suka jera da gorori a ƙofar coci. A bakin kabari sabon shugaban kulob ya yi jawabi, ya ce Fintan Culleton ya kama ƙwallon da ta kawo mana kofi. Kowa ya tafa.