Kunnen Tsawa

A daminar shekarar 1998, wata ranar Laraba bayan azahar, ina tsaye a gonarmu ta tattasai da ke bakin kogin Komadugu, ina riƙe da ƙwaryar irin dashe, sai tsawa ta faɗa wa wata goriba a tsallaken ruwa. Shekarata goma sha ɗaya. Farin haske na fara gani, sannan ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafafuna. Da ganina ya dawo, kan goribar yana ci da wuta, shanu uku suna kwance a gindinta, makiyayinsu yana zagaya su yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ƙaurin gashi ya tsallako kogin ya same mu. Ko ɗigon ruwa bai sauka ba tukuna.

Daga ranar na zama wata iri. Na daina fita wasan gala-gala a ƙofar gida, na ƙi ɗaukar bokitin ƙarfe zuwa famfo, in ina surfe kuwa rabin hankalina yana gabas, inda hadari yake tasowa. Da na ga gajimare ya yi duhu sai in shige ƙuryar ɗaki in toshe kunnuwa. Inna ta karɓo mini rubutu wajen malamin unguwa, na sha har sau bakwai, amma tsoron yana nan.

Babana mai gyaran rediyo ne, Badamagare, yana da rumfa kusa da tashar Diffa. Wata rana ya zaunar da ni kan bencinsa ya ce, "Hadiza, ba tsawar ce ta fi damunki ba, zuwanta ba sallama ne. Zo mu yi mata kunne." Ya murɗa wata tsohuwar rediyo zuwa inda babu tasha, muka ji wani ƙaras-ƙaras yana zuwa yana ɗaukewa. Ya ce kowane ɗaya walƙiya ce a wani wuri mai nisa da ido bai kai ba. Ashe ko da rana tsaka, sama wasai, abin yana can yana yawo.

Kwana uku muka yi muna haɗa shi, tunda ana hutun lekwal, ba zuwa makaranta. Baba ya ciro wata baƙar sanda mai kama da gawayi daga cikin matacciyar rediyo, ni na naɗe ta da siririyar wayar tagulla ina ƙidaya zagayen da ƙarfi, in na ɓata ya sa in warware. Ya liƙa wasu ƙananan kaya masu ƙafa uku-uku da dalma, ya ƙara pil biyu, wato batir, da ɗan jan ƙwan fitila mai girman ƙwayar dawa, muka rufe duka a robar sabulu. Narkakkiyar dalma ta ɗiga mini a babban yatsa, ban yi kuka ba. Ya koya mini karatunsa: in ƙwan yana ƙiftawa jefi-jefi, hadarin yana nesa, in ya shiga ƙiftawa ba hutu, a nemi ɗaki. In kuma ya rutsa da mutum a fili, kada ya kuskura ya je gindin itace, ya nemi kwari ya tsuguna.

Da farko ƙara mini tsoro ya yi. Yakan yi ta ƙiftawa saboda hadarin da zai zuba can wajen Boso, bai ko leƙo mu ba, ni kuwa na riga na ƙi cin abinci. Ƙawayena suka sa mini suna mai gadin sama.

Ƙarshen watan Agusta, wata rana ina gida ni kaɗai ina wanke-wanke, Inna da ƙanina Modu suna gona. Na waiga na ga ƙwan yana ƙiftawa kamar zai ƙone, alhali rana ƙwal. Rumfar Baba tana da nisa, kuma ba hanyar gona take ba. Na tsaya a ƙofar ɗaki. Ban san lokacin da na fizgi robar na fita ba.

Ina gudu gabas tana yin baƙi, iska ta tsaya cak, tsuntsaye sun yi tsit. Na isa ina haki na nuna wa Inna. Ta ce, "Wannan robar taki ai kullum cikin ƙifce-ƙifce take." Sai ta dubi fuskata, ta ajiye fartanya, ta goya Modu. Ba mu kai rabin hanya ba iska ta sauko da ƙarfinta. Inna ta nufi wata babbar tsamiya, na cafke zanenta da hannu biyu na ce, "Inna, don Allah kada mu je can." Ta ja, na ja. Ƙarshe ta bi ni cikin wani kwari muka tsuguna, ruwa yana dukan bayanmu, Modu yana kuka, Inna tana ta salati. Sau biyu haske ya rufe mu tare da ƙararsa a lokaci guda, har na ji ɗanɗanon ƙarfe a bakina.

Mun iso gida sharkaf, muka tarar da Baba a ƙofa, ya zagaye unguwa yana nemana. Ya karɓi robar daga hannuna. Ya ce, "Na yi miki shi don ki san lokacin ɓuya ne, ba don ki fita ba." Washegari aka je aka ga tsamiyar lafiya lau, ko reshe bai karye ba, kuma har yau ban san inda tsawar ta faɗa ba. Maƙwabta suka yi ta yi mini dariya. Inna ba ta yi ba. Daga ranar, kafin ta ɗauki fartanya sai ta leƙo ta ce, "Hadiza, me kunnenki ya ce yau?"

Yanzu 'ya'yana a waya suke ganin hadari tun kwana biyu kafin ya zo, ba sa ko ɗaga kai su dubi gabas. Baba ya rasu, gonar bakin kogi kuma ta daɗe da fin ƙarfin zuwanmu tun da zaman lafiya ya yi wuya a can. Har gobe in aka yi tsawa gabana yana faɗuwa. Sai dai babu sauran mai tambayata ko ya fita ko ya zauna.