Bindigar Kawu Tsaye

Kawuna bai iya zama ba. Shekara talatin ya yi yana gadin banki, da ya yi ritaya ƙafafunsa suka ƙi yarda an sallame su. A tsaye yake shan shayi, a tsaye yake sauraron labarai, har unguwa ta laƙaba masa Tsaye. Daga ƙofar gidansa zuwa shagona na fenti taku arba'in ne, amma kafin azahar sai ya auna shi sau goma, yana leƙen duk motar da ta gifta.

Yana da bindiga mai lasisi a ƙarƙashin gado, duk mako sai ya fito da ita ya goge. Maganarsa ɗaya ce, har mun haddace: in ɗan sanda ya shiga uku a gabanka, kana da makami ka naɗe hannu, to ka daina kiran kanka mutum. Matarsa, wadda muke kira Inna, takan ce, "Malam, kai da sai ka sa jarida a hanci kake karantawa, wa za ka ceta?"

Ni kaɗai ta gaya wa sirrinta. Tun da idonsa ya fara rauni ta kwashe harsasan kaf, ta zuba a aljihun keken ɗinkinta cikin maɓallai.

Wata Laraba da hantsi, mutum biyu a kan babur suka afka wa ɗan sandan da ke tsaron bakin titinmu, suna son ƙwace bindigarsa. Suka kayar da shi, ɗaya ya danne shi, ɗaya ya zaro wuƙa. Kowa ya ja ƙofa. Ni ma ba zan ɓoye ba, bayan gwangwanayen fenti na shige, ina leƙe.

Sai ga Kawu, daga shi sai singileti, ya saita bindiga yana takowa. Inna ta biyo shi ba ko takalmi, hannunta a dunƙule da harsasai, ta yi turus a bakin ƙofa. In ta kira shi ta ce babu komai a ciki, mai wuƙar zai ji. In ta yi shiru, tana kallo mijinta ya tunkari mutuwa da guntun ƙarfe.

"Ku ɗaga shi!" Kawu ya daka musu tsawa. "Sau ɗaya nake faɗa!"

Bai tsaya ba, bai kuma ƙara sauri ba. Saura taku biyar mai wuƙar ya dubi bakin bindigar, ya ja ɗan'uwansa, suka haye babur. Ɗan sandan ya miƙe, goshinsa na jini.

Inna ta ƙaraso tana kuka, ta buɗe hannu. Harsasai huɗu ne da maɓalli ɗaya.

"Malam, ka yafe mini. Ni na..."

"Mayar da su cikin maɓallanki," in ji shi. "Shekara shida na san suna can."

"Ka sani, kuma ka fita?"

"Da suna ciki da na harba. Su ukun nan kuwa dunƙule ɗaya nake ganinsu. Wa kika san zan samu?"

Ya miƙo mini bindigar. Ya ce, "Ɗan nan, ɗauko mini kujera."