Harafin da Ya Raba Mu da Hedimasta

Shekarun baya na tafka wata wauta da har yau idan na tuna sai na gyara zaman hulata. Kuma in faɗa muku tun da wuri, wawan labarin nan ni ne, kada ku wahala neman wani.

Ni dai aji uku na yi a firamare, mahaifina ya cire ni ya haɗa ni da shanu. Amma a ƙauyenmu, can gefen Madadi, aji ukun nan digiri ne. Ni ke karanta wa mutane katin asibiti da rubutun jikin kwalbar maganin feshi. Biro biyu nake maƙalawa a aljihun gaba, ɗaya ma ba ya rubutu. Da aka zo zaɓen shugaban iyayen yara ko hannu ba a ɗaga ba, aka ce ai ga mai boko nan.

Hedimastanmu mutumin wajen Gammo ne, ta ƙasar Kabo. Kullum a kan wani tsohon babur yake zuwa, rani da damina. Gaskiya ba ma ga maciji da shi. Ruwa na sauka mu kwashe yara zuwa noma da kiwo, shi kuma ya bi mu gida-gida: "Baba, a taimaka a bar min su ko zuwa azahar." Mu ce to, washegari mu sake kwashewa. Idan ya aiko takardar gayyatar taro, matanmu su ƙunshe ƙuli-ƙuli da ita. A majalisa kuwa sunansa mai hana noma.

Ana gobe za a ba da hutu, jikata 'yar aji shida ta miƙo min katin sakamakonta ta wuce ɗiban ruwa. Na ɗora gilashi a hanci. Can ƙasa, inda hedimasta ke sa hannu, sai ga kalma mai harafi huɗu: f, a, i, da wani dogon harafi a ƙarshe. Wannan kalma na san ta farin sani, don ita aka rubuta min a aji uku. Fel! Yarinyar da ke shirin jarrabawar shiga sakandare an ce ta faɗi. Ban jira ta dawo na tambaye ta ba. Ina ni ina tambayar jika Turanci?

Na fita majalisa da katin a hannu. Kowa ya aika gida aka kawo na 'ya'yansa, na zauna ina dubawa kamar alƙali. Fel. Fel. Wannan ma fel. Abokina, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tawa, ya miƙe yana karkaɗe riga.

"Ramuwa ce wallahi! Don mun kai su gona shi ne ya kayar da su."

Na ce, "Ai ni na daɗe da gano shi, shiru kawai nake."

Da safe muka ɗunguma makaranta. Yara na kan layi, malamai na tsaye, na ratsa tsakiya ina ɗaga kati. Ban ko yi sallama ba. Na ce masa azzalumi, na ce ya kashe mana yara da biro. Abokina ya ƙara da cewa ya koma Kabo ya kayar da 'ya'yan can. Wani daga baya ya ce albashin banza yake ci. Duk a gaban ɗalibansa.

Bai katse mu ba. Da muka gaji sai ya kira jikata daga layi, ya karɓi katin a hannuna ya ba ta.

"Karanta wa kakanki abin da na rubuta."

Ta duba, ta ɗago ta kalle ni, idonta ya kawo ruwa.

"Kaka, ai feya ne. R ce a ƙarshe, ba L ba. Ma'anarsa ba laifi, an yi ƙoƙari."

La ilaha illallahu! Ashe mutumin nan idan ya zo rubuta r sai ya ja mata wuya. Yara suka fara ƙunshe dariya. Na waiga neman abokina, sai ƙeyarsa na hango ta bayan bishiyar darbejiya.

Na yi ta maza na ƙaƙalo murmushi. "To Malam, shi ke nan, an fahimci juna. Sai dai nan gaba a riƙa rage wa harafin nan wuya."

Na zaci zai yi dariya a watse. Sai ya sa hannu a aljihu, ya ciro makullan ofis, ya miƙa wa mataimakinsa.

"Na ajiye. Takardata zan kai ofishin ilimi yau."

Ni ban taɓa jin an ajiye aikin gwamnati ba sai dai a yi ritaya ko a mutu. Ya hau babur, ya buga bai tashi ba, ya sake bugawa, sai a na uku. Duk muna tsaye baki buɗe, ba wanda ya iya cewa Malam tsaya.

Aka dawo hutu babu shi. Mataimakin ya yi iya yinsa, amma ba mai bin gida-gida, kuma darasin da hedimasta yake yi wa 'yan aji shida a gindin bishiya bayan an tashi ya mutu. Jikata ta zauna jarrabawar ba ta ci ba. Wannan karon fel ɗin gaske ne, ban ko nemi gilashi ba. Sai da ta maimaita shekara sannan ta wuce, kuma ta daɗe tana gaishe ni da baki kawai, ba ta kallona.

Da can na ɗauka ƙarancin albashi ke korar malamai. Yanzu na san har da irinmu. Biro biyun nan na cire su, mai katin asibiti ma idan ya zo sai in ce idona ya yi rauni.

Bayan sakamakon faɗuwar yarinyar ya fito na wanke ƙafa na je har Gammo ba hedimasta haƙuri. Na same shi a gonarsa yana cirar ciyawa. Muka gaisa, ya iyali, ya damina, ya mutanen gari. Ya ce ya yafe, amma ba zai dawo ba. Bakin nan nawa da ba ya jin magani sai ya ce:

"Amma Malam, tsakani da Allah, a kan harafi ɗaya ka bar mu?"

Ya dogara da fartanyarsa ya dube ni.

"Baba, shekara tara ina aiko muku da takarda, ba ku taɓa karanta ko ɗaya ba. Ranar da kuka fara karantawa, zagina kuka zo yi."