Kartar da Ba Wanda Ya Yarda Ya Taɓa

Shekarun baya, ban daɗe da dawowa gida Kurfi ba, na yi wani wasa a gaban jama'a wanda har yau in na tuna shi nakan yi dariya ni kaɗai a ɗaki.

Na bar gida ina saurayi, na dawo da furfura. Aikin kamfanin sufuri ya kai ni Kumasi, ya kai ni Duwala da Njamena, daga ƙarshe na yada zango a Abijan. A can na yi aure, a can na haihu, a can na binne matata. 'Ya'yana sun zama 'yan can, ba wanda ya biyo ni. Da na dawo na tarar an raba gidan mahaifina, an bar mani ɗaki ɗaya da 'yar rumfa. Ba wanda ya wulaƙanta ni. Ana gaishe ni har ƙasa, tuwo ba ya yankewa daga gidan ƙanena. Amma gaisuwar baƙo ake yi mani. In na je majalisa sai a gyara zama, a ba ni wuri mai kyau, hira kuma ta mutu. In na buɗe baki wasu su ƙunshe dariya, wai Hausata ta zango ce. Ina jin Faransanci da Julanci da Larabcin Cadi, amma na kasa shiga hirar ƙofar gida a garin da aka yanke mani cibiya.

Wanda ya fi tsaya mani a rai shi ne abokina na ƙuruciya. Benci ɗaya muka zauna a firamare a Dutsin-Ma, ƙwarya ɗaya muka sha fura. Na dawo na tarar ya zama na'ibin limamin unguwarsu, kuma babban dillalin hatsi. In mun haɗu sai ya ba ni hannu biyu ya ce, "Alhaji, an tashi lahiya? Ya baƙunta?" Shekara ta zagayo yana tambayata baƙunta. Ni kuwa ba abin da nake nema a garin nan kamar mutumin nan ya daina ganin girmana.

Abin da ke ɗebe mani kewa a lokacin karta ce. Ba caca ba, Allah ya kiyaye. Wasan ba da mamaki ne, irin wanda mutum zai zaɓi kati ya ɓoye, ka gano shi. Wani abokin aikina mutumin Sanagal ne ya koya mani a Abijan, har mukan je bukukuwan makarantu mu yi wa yara da iyayensu. Wata rana sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu ya zo ya gayyace ni taron da suke yi bayan Babbar Sallah, ya same ni a rumfa ina juya karta. Na nuna mashi wasa ɗaya, ya riƙe baki. Nan take ya ce lallai sai na yi a taron. Na amsa tun kafin ya rufe baki, don na san abokina zai je.

Sai da ya tafi tsoro ya kama ni. Hannuwana sun fara rawa da tsufa, in kuma gabana na faɗuwa rawar takan ninka. Na tuna abin da mutumin Sanagal yake yawan faɗa mani: in ka tsaya gaban mutane, da farko yatsunka ba naka ba ne, na tsoro ne. Saboda haka kada ka buɗe da wasan da ke buƙatar zafin nama. Ka fara da wanda zai yi kansa ko da kana gyangyaɗi, in zuciya ta kwanta sai ka fito da masu wuya.

Na zauna na tace abin da na iya. Duk wanda sai an ɓoye kati a tafin hannu, na ture shi gefe. Wanda ke buƙatar dogon lissafi ma na ajiye, don na san tsoro yana cin lissafi kafin ya ci yatsu. Na tsaya a kan mafi sauƙi, kuma yau zan tona maku shi. Kafin ka miƙa kartar, sai ka saci kallon katin da ke can ƙasa, shi ne shaidarka. Mutum ya zari nasa daga tsakiya, ya duba, ya ɗora a sama, ya raba kartar biyu ya ɗora rabin ƙasa a kan na sama. Shi ke nan, shaidarka ta hau kan katinsa. Shi da kansa zai riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya, da ka ga shaidarka ta fito, na bayanta shi ne nasa. Kai ba abin da za ka yi sai magana. Na ce wannan ko hannuna ya yi rawar kalangu ba ruwana.

Na yi ta gwaji a rumfa. Da yake ba ni da wanda zan gwada a kansa, hannun dama ne mai wasa, na hagu ne ɗan kallo. Na hagun bai taɓa ƙin ba ni haɗin kai ba.

Ranar taro muka haɗu da hantsi a wani babban aji a Dutsin-Ma. Duk dattawa ne, manyan riguna, carbi a hannu. Aka yi addu'a ga waɗanda suka riga mu, jerin ya yi tsawo har na daina gane sunayen. Aka ci waina. Sannan sakatare ya ce Alhaji zai nuna mana tsarabar Abijan.

Na tashi. Na yi sallama, na ciro karta, na saci kallon ta ƙasa yadda ya kamata, na miƙa hannu na ce ina son mutum ɗaya ya taimake ni.

Ba wanda ya motsa.

A nan na gane wautata. A Abijan in ka miƙa karta, hannuwa ne za su taso rututu, har da na iyaye mata. A Duwala sai ka roƙi mutane su zauna. Na yi kwanaki ina tunanin yatsuna, ban taɓa tunanin cewa dattijon Katsina mai jikoki ba zai riƙe karta a bainar jama'a ba, ko da kuwa a tasha ya yi ƙuruciyarsa. Na zaɓi wasan da duk aikinsa a hannun wani yake, a wurin da ba hannun da zai karɓa.

Wani tsohon hedimasta a layin gaba ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Na matsa wurin na kusa da shi, ya janye hannu cikin riga ya ce, "Haba Alhaji, mu da ke da alwala?"

Wani daga baya ya ce, "A ba Manjo, shi ya yi soja, ya san kan abin."

Manjon ya ce, "Allah shi tsine wa mai ƙarya! Ni ko a bariki dara nike yi."

Aka yi dariya, ta lafa. Ina tsaye, hannuna a miƙe, kartar na karkarwa kowa na gani. Na yi tsayuwa a kan iyakoki da yawa gaban jami'an da ba na jin yarensu, amma ban taɓa jin ni kaɗai ne ba kamar a ajin nan da na koyi baƙi da wasali.

Sai na ji an ja kujera. Abokina ne. Ya tako a hankali, ya tattare hannun riga ya ce, "Kawo nan, kafin hannun naka shi cire."

Wani ya ce, "Na'ibi da kansa?" Bai ko waiwaya ba.

Ya zari kati, ya duba. Don ruɗewa na manta in ce ya nuna wa jama'a. Ya ɗora a sama. Na ce ya raba biyu kawai. Shi kuwa sai ya baje kartar gaba ɗaya a kan tebur, ya sa tafukan hannu biyu ya cakuɗa ta kamar mai garwaya gero da dawa, yana cewa, "Ai in za a ɓoye abu, a ɓoye shi da kyau." Aji ya ɗauki dariya. Ni kuwa ina kallo shaidata ta yi gabas, katinsa ya yi yamma. In na ce ya ɓata, na tona kaina. Na ƙyale shi.

Ya tattara, ya fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Da shaidata ta fito na ce ya tsaya, na gaba shi ne, don ban san abin da zan ce ba in ba wannan ba. Ya buɗe. Kati ne ja. Ya ɗaga shi kusa da ido, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Ikon Allah," in ji shi. "Shi ne."

Aji ya kaure da salati. Hedimasta har da miƙewa ya leƙa. Ban san lokacin da hannuna ya daina rawa ba. Na yi masu wasa biyu a bayan wannan, masu wuyar ma, suka tafi daidai, na kuma warware masu yadda ake yin ɗaya don kada a koma gida a ce na zo da aljanu daga bakin teku.

Bayan azahar ina neman mota zuwa Kurfi sai ga shi a tsohuwar a-kori-kurarsa. Ya ce in shigo ya rage mani hanya. Muka kama hanya, buhunan wofi na ƙara a baya. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kai, wanga wasa naka na banza ne. Nawa baƙi ne, da hoton wani ƙato mai gemu."

Na ce, "To mi ya sa ka ce shi ne?"

"In bar ka tsaye kamar akuyar da aka kama a gonar mutane? Na yi istigfari tun kafin in zauna. Rabin zunubin kau naka ne." Ya kauce wa wani rami, ya ƙara da cewa, "Duk yawon duniyar da ka yi, har yanzu ba ka da wayo."

Rabona da a zage ni haka tun muna yara. Na juya ina kallon gonaki ta taga don kada ya ga idona.

Da zai sauke ni ya ce bayan la'asar suna zama a ƙofar gidansa, in riƙa zuwa, amma in bar kwalayena a gida. Daga baya na ji an yi ta ƙananan maganganu a masallacinsu, wai na'ibi ya riƙe karta a gaban mutane. Bai taɓa ɗaga mani zancen ba.

Na riƙa zuwa. Ba zan ce na zama ɗan gari ba, rabin mutanen da ake hira a kansu ban san su ba har yau. Amma in na yi kuskure yakan ƙaryata ni a gaban kowa, daga nan sauran ma suka koyi yi mani gardama. Damina biyu muka samu a haka, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Matasan da ke zuwa koyon wasan a wurina sukan tambaye ni da wane wasa za su fara in tsoro ya kama su. Amsata ba ta canza ba: ku fara da mai sauƙi, wanda ba ruwansa da yatsu. Sai dai kafin ku miƙa hannu, ku duba ɗakin ku tabbata akwai wanda zai tashi dominku. Ni ban duba ba, sa'a na ci.

Har yanzu nakan je ƙofar gidan bayan la'asar, 'ya'yansa suna shimfiɗa mana tabarma, ana hira, ana ba ni girma. Amma tun ranar da muka kai shi makwancinsa, babu sauran wanda ya san ni ina yaro a wurin.