Ni na zare wa tsohon zaure indararo

Ni da ɗan gwangwan ne. Karatuna bai wuce aji biyu ba, kuma ina jin malamin ya fi ni murna ranar da na daina zuwa. A kan keke nake zaga ƙauyukan Roni da Gwiwa ina sayen tsohon ƙarfe, ina samun na tuwo. Sai hannu ya fara ƙaiƙayi. Yau murfin tukunyar da aka shanya, gobe garmar da mai ita ya ajiye ya zaga bayan gona. Ba a kama ni ba, sai na ɗauka wayo gare ni.

Wata rana a kasuwar Kazaure wani dillali ya ce da ni, "Kai kana ta fama da tsatsa, ga kayan kakanni ana nema a ƙetare."

Nan take na tuna da tsohon zauren garinmu. Ginin ƙasa ne mai ɗaurin rufi irin na bakan gizo, kakana ma tarar da shi ya yi, a ciki ake ɗaurin aure da sulhu. Baba Magini ke yi masa yaɓe duk shekara. Ranar Juma'a, maza sun tafi masallaci, na ɓalle ƙyauren, mai manyan ƙusoshi irin na maƙeran da. Da zan tafi na ɗaga kai, na ga indararo huɗu na kwano. Ba wanda ya aike ni. Sabo ne kawai, na zare su na jefa cikin buhu.

Na sayar wa dillalin ƙyauren. A hanyar Babura aka tsare motar da ta ɗauko shi, dillalin kuma bai ko jira mari ba ya faɗi sunana. Alƙali ya ba ni shekara biyu.

Ina ɗaure yayata ta zo dubiya. Ta ce, "Zaure ya faɗi. Kowa hankalinsa na kan ƙyaure, ba wanda ya duba sama. Ruwan farko ya rasa hanyar sauka, ya kwanta a rufin."

Da aka sake ni na tarar an dawo da ƙyauren, an jingine shi jikin darbejiya, awaki na susa da shi. Na je na durƙusa gaban Baba Magini, na ce, "Baba, a yafe min. Ga ƙarfina, zan kwaɓa ƙasar ni kaɗai."

Ya ce, "Ɗan nan, yafiya na yi ta tuni. Kwaɓi kuwa ko jaki ya iya. Wa zai ɗaure bakan gizon? Ni ido ya tafi, 'ya'yana duk bulo suke ɗorawa."

Na yi Gwiwa, na yi Kazaure, ina cigiyar wanda ya iya. Kowa sai ya kwatanta min wani, in na je in tarar ya rasu.

To samari, in hannunku ya kai kan abin da kuka taso kuka tarar, ku janye shi, ko da kwano ne mai tsatsa. Ni na tuba, hukuma ta sallame ni, Baba ya yafe. Har yau dai a filin Allah ake ɗaurin aure a garinmu, ina can baya ina sunkuyar da kai.