Kwalbar Ruwan Kawu Orville

Kawu Orville Tackett ya ƙare ƙuruciyarsa yana mirgina ganguna a rumbun wiski a nan Kentucky, kuma a wurinsa abin sha ɗaya ne a duniya: wiskin masara. Sauran duk ruwan wanke-wanke ne. Ina ƙaunar tsohon nan, amma taurin kansa sai shi.

A aljihun rigarsa kullum akwai 'yar kwalba ta ruwan marmaron bayan gidansa. Idan wiski ya burge shi, sai ya ɗiga masa kaɗan don ƙamshin ya buɗe. Idan bai burge shi ba, kwalbar ba ta fitowa, wai ruwan famfo ya ishe shi. Bai taɓa yabon wiski da baki ba, shi ya sa mu duka aljihun muke kallo.

Ana nan sai 'yarsa Marva, mai haɗa nata wiskin, ta bar masara ta kama rayi, hatsin nan mai kama da alkama da ke ba wiski yaji. Kawu ya ce wannan aikin mutanen Pennsylvania ne, marasa harshe. Tsawon shekarun da wiskinta ya yi a ganga, ko ƙofar rumfarta bai leƙa ba. Abin yana cin ranta, ko da yake ba ta faɗa.

Ranar da ta buɗe gangar farko, bayan cin abincin Lahadi, ta ajiye masa kofi.

"Baba, ɗanɗana kawai. In bai yi ba, faɗa min a gaban kowa."

Ya shinshina bakinsa a ɗan buɗe. Ya kurɓa, ya tattauna shi kamar mai cin nama, ya ɓata fuska. Sai mita: babu zaƙi, barkono ya yi yawa, yana yagar maƙogwaro. Marva ta sunkuyar da kai, ni kuwa na ji haushinsa sosai.

Ya shafa ƙirji. Can ya ce, "Halin marigayiya uwarki gare shi. Sai ya gasa maka magana tukuna, daga baya ka ji ɗumi."

Hannunsa ya gangara aljihu. Ya cire murfin kwalbar da kyar, ya tura mata kofin.

"Ƙaro min, 'yar nan. Na farkon bai samu ruwa ba."